Ƙwaya Uku a Aljihun Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa kai wa Mai Guga kaya ya san dokarta: ba riga ba wando da zai taɓa ruwa sai an lalube masa aljihu. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗan shagon nan mai ƙofa ɗaya da ke ƙasan benen da suke haya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da magani, kuma a tsawon shekarun nan hannunta bai taɓa mantuwa ba. Yatsu biyu take zurawa, ta zagaya kusurwa, ta jawo aljihun waje, ta kakkaɓe, sannan ta jefa cikin baho. Ko hira take da kai, ko faɗa take da kai, yatsun nan suna kan aikinsu.

Me ba ta tsinta ba? Biro, wanda shi ne babban abokin gabarta. Makulli, ƙwayar magani, haƙorin yaro da uwarsa ta naɗe a takarda, wasiƙar da bai kamata matar mai wandon ta gani ba. Akwai tsohon gwangwanin madara a kan kantar shagon, nan take jefa komai. In mai kaya ya zo, ta juye masa nasa a tafin hannu ba tare da ta ce uffan ba. Takan ce ita ba ruwanta da abin da mutum ke faɗa da bakinsa, a miƙo mata wandonsa kawai.

Saboda wannan hali ne mijinta ya laƙaba mata Kwastan. Shi fenti yake yi, irin masu hawa jikin dogayen gine-gine a kan katakon da ake ɗaurawa da igiya. Gajere ne, mai yawan dariya, ga wata wushirya mai faɗi da in ya yi murmushi sai ka ga kamar an bar ƙofa a buɗe. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa ba don wushiryar nan ba da ba ta ko dube shi ba, don ranar da ya fara zuwa shagon ya kawo mata wandon da ya fi bangon da ya shafa shan fenti.

Aurensu na tsokana ne tun daga farko. Shi ne ya taɓa cusa ƙadangaren roba a aljihun rigar wani mai kaya, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana jira. Ihun da ta yi sai da mai agogo ya saki abin da ke hannunsa. Ta bari aka kwana uku, ta ɗinke masa ƙafar wandon aiki daga ƙasa, ya tashi da safe yana sauri ya zura ƙafa, sai ga shi a ƙasa tim. 'Yarsu ɗaya tilo, wadda suke kira Auta ko da yake ba ta da yaya ba ta da ƙani, a cikin wannan shirme ta girma. Har ta yi aure ta tafi ba ta daina cewa iyayenta ba za su taɓa girma ba.

Abu ɗaya ne Mai Guga ba ta wasa da shi, shi ne ciwon suga. Tana da shekara goma sha tara ya kama mahaifinta. Da ɗan yatsan ƙafa aka fara yankewa, aka koma tafin ƙafa, aka hau gwiwa. Ita ke wanke tsummokin ƙafar nan safe da yamma, a nan ma ta koyi wanki, kuma har yau in ta ji warin rigar da ta kwana a jiƙe sai ta tuna da ƙafar nan. Tsohon yana son alawa kamar ransa. Yakan kamo hannunta, jikinsa na rawa, gumi na karyo masa, ya ce, “'Yata, ɗaya tak, don Allah.” Ita kuma tausayi ya kama ta, ta saya masa a ɓoye ta tura ƙarƙashin matashi. Da ya rasu ba wanda ya ɗora mata laifi, don ba wanda ya sani. Ita ta ɗora wa kanta, ta kuma ɗauki kayan nan shekara kusan arba'in ba ta sauke ba.

To ka ga irin matar da aka ce wa mijinta yana da suga.

Ƙishirwa ce ta fara damunsa, da yawan fitsari, ga rama har wandonsa na zamewa. Mutumin da ke zuba cokali biyar a kofin shayi ɗaya, ya kuma lashe cokalin, ai ba sai an yi dogon bincike ba. Aka gwada ƙwayoyi ba su riƙe shi ba, likita ya ce sai allura, safe da yamma. Ranar da za a koya masa yin allurar tare suka je. Nas ta zaunar da su a wani ɗan ɗaki ta fara bayani. Mai Guga tana jin an ce a riƙa duba ƙafa kullum, sai warin nan na shekara arba'in ya taso mata. Ta miƙe ta fita, ta zauna a kan benci a baranda, ta kifa kai a cinya. Minti goma ta yi a waje, ba ta fi ba. A cikin minti goman nan ne nas ta gaya wa Mai Fenti cewa allurar nan takan ja suga ƙasa fiye da kima, musamman in bai ci abinci sosai ba ko ya yi aikin ƙarfi. Ta ce in ya ji gumi da rawar jiki da jiri, kada ya tsaya tunani, ya jefa sukari a baki nan take. Ta ce kada ya kuskura ya fita ba ƙwayar sukari uku a aljihunsa.

Suna isa gida Mai Guga ta ɗauki gwangwanin sukari ta juye a magudana ta bi shi da ruwa. Zuma ta bi baya. Biskit ɗin da ake ajiye wa baƙi ta miƙa wa maƙwabta. Shi yana tsaye yana kallo, ya ce, “Kwastan, a bar mini kaɗan mana, nas ta ce...”

“Nas ta ce me? Ka sha suga? Mai ciwon suga? Baban Auta, ka ji tsoron Allah.”

“Wallahi ita ta ce. In jikina ya...”

“Haka Baba yake cewa. Shi ma kullum da wanda ya ce.”

Sai ya yi dariya ya bar maganar. Nan ne laifinsa, in za a faɗi gaskiya. Mutum ne da bai iya tsayawa a kan magana ba in ya ga ranta zai ɓaci, duk abin da ya yi nauyi sai ya mai da shi wasa. Ga shi kuma shekara talatin yana yi mata ƙaryar tsokana, ta ina za ta gane ranar da yake faɗin gaskiya?

Washegari ta kira Auta, ta fito da duk abin da ke cikin kabad ɗin kicin ta jera a kan tebur. Idon Mai Guga ba ya ganin ƙananan rubutu, saboda haka Auta ke karantawa, ita tana yanke hukunci. Tumatirin gwangwani, akwai sukari. Madara, akwai. Burodi, akwai. Hatta maganin tari akwai. Mai Guga ta riƙe baki ta ce, “Ashe a cikin guba muke iyo ba mu sani ba!” Auta ta nuna mata wani mutum a waya, sanye da farar riga, yana rantsuwa cewa shinkafa da dankali da ayaba da lemo duk sukari suke komawa a ciki, kuma wai duk wanda ya yanke su gaba ɗaya ya rabu da ciwon. Auta don a rage ta nuna mata. Ita kuwa uwar ba ta san ragi ba. Kafin la'asar kicin ɗin ya koma kamar na wanda zai tashi daga gida.

“Mama, abin ya yi yawa fa,” in ji Auta. “Ko jinin jikinki akwai suga a ciki.”

“Wannan Allah ne ya zuba. Wanda ni zan zuba da hannuna ne na hana.”

Abin da ya rage shi ne ƙwai, kifi, kabeji, ganye, da shayi baƙi ƙirin mai ɗaci. Kada kuma wani ya ce mugunta ce, don abin da ta ba shi, shi take ci. Sati biyu tana fama da ciwon kai, dutsen guga ya yi mata nauyi a hannu, in ta sunkuya kan baho ta ɗago sai ta ga duhu. Ba ta taɓa lasar ko ƙwaya ɗaya a ɓoye ba. Har wurin aikinsa ta bi shi, ta samu Dogo, abokin aikinsa na shekara ashirin, wanda kullum yake hawa sama da kwalbar lemo a bokitinsa. Ta roƙe shi don girman Allah ya daina hawa da ita, kada ya sa wa mijinta rai. Dogo mutum ne mai kunya, ya ce an gama. Daga ranar a ƙasa yake barin kwalbar, cikin jaka.

Allura kuwa ba ta fashi. Ita ke cirowa daga firij, ita ke tsayawa a kansa har ya yi, daidai yadda likita ya rubuta tun lokacin da mutumin ke cin shinkafa faranti guda. Abinci ya ragu ya koma rabin rabi, allura tana nan yadda take. Ba wanda ya gaya mata cewa su biyun tare suke tafiya, in an taɓa ɗaya dole a koma wa likita ya taɓa ɗayan.

Jikinsa ya yi ta magana, sai dai ita da wani kunne take ji. Ya dawo wata rana yana cewa layin da ya ja a bakin taga ya karkace, shi da ake kira musamman saboda miƙewar layinsa. Wata safiya ya daka mata tsawa a kan murfin kofi, abin da bai taɓa yi ba, bayan ɗan lokaci kuma ya ce bai san ya yi ba. Gumi yakan jiƙa masa riga ana sanyi. Hannunsa yakan yi rawa. Duk ta ga wannan a jikin mahaifinta, kuma a wurinta sunansa ɗaya ne, kwaɗayi. Takan dafa kafaɗarsa ta ce, “Daure, Baban Auta. Gubar ce take fita.”

Sau ɗaya ta ja shi shagon mai magani aka soki yatsarsa aka gwada. Mutumin ya dubi 'yar na'urar ya ɗaga kai ya ce, “Kai, ya yi ƙasa fa.”

“Alhamdulillahi!” in ji ta.

“A'a, Hajiya, ina nufin ya yi ƙasa da yawa. Ya samu wani abu ya ci yanzu, kuma ku koma asibiti.”

Ta ce ai ranar komawarsu saura sati uku, za su je. Ta kai shi gida ta dafa masa ƙwai biyu. A ranta murna take, don tun da take ba ta taɓa jin an ce suga ya yi ƙasa an yi kuka ba. Abin da ta sani shi ne yana hawa, a yanke ƙafa.

Karo na farko da ta kama sukari a wandonsa an yi tashin hankali. Akwai wani ɗan ƙaramin aljihu a ƙugun wandon aikinsa, daga ciki, wanda yatsa biyu kawai ke shiga. Shi a tunaninsa ba za ta kai nan ba. Kwastan fa! Ƙwaya uku ta zaro, farare, a naɗe cikin takardar siminti. Ta hau sama da su a tafin hannu tana kuka. Ta ce ita tana nan tana shan ɗaci dominsa, ashe shi yana can sama yana tsotsar ajalinsa. Ta ce in ƙafarsa ta ruɓe ya nemi mai wanke masa tsumma, ita ta yi nata ta gama. Ya rantse har sau uku cewa nas ce ta sa shi, kuma sau biyu ƙwayoyin nan suka cece shi a kan katako. Ta ce to ranar asibiti za ta tambayi nas ɗin a gabansa, in ƙarya yake ya shiga uku. Ya ce ya yarda. Saura kwana tara a lokacin.

Kwana biyar gidan ba daɗi. Ba faɗa, ba dariya, sai ƙarar cokali a faranti. Mai Guga ba ta saba da wannan ba, abin ya dame ta fiye da yadda za ta iya faɗa. Ta yi kewar tsokanarsa. Ta yi kewar wushiryar nan, don mutum sai ya yi dariya ake ganinta.

Ranar Lahadi da rana ta zo wanke wandon, yatsunta suka shiga ɗan aljihun, sai ga takardar siminti. Ƙwaya uku, sababbi. Ta tsaya da su a hannu, zuciyarta na tafasa. Har ta taka matakala biyu za ta hau, sai ta tsaya. Wani faɗan kuma? Wasu kwana biyar na shiru? Idonta ya sauka a kan sandar farin sabulun da take goge wuyan riguna da shi. Sai ta ji dariya ta taso mata, irin wadda ta kwana biyu ba ta yi ba.

Ta ɗauko reza. Ta zauna a kan kujerarta ta yanka sabulun, ta gwada da ƙwayar sukarin, ta rage gefe, ta kankare, har sai da ko ita ba ta iya bambanta su da ido. Mace ce mai tsabtar aiki, ba ta yin abu rabi. Ta shanya su a bakin taga suka bushe. Ta naɗe su a takardar yadda ya naɗe, lanƙwasa biyu da murɗi a kai. Da wandon ya bushe ta goge shi ta mayar da ƙullin mazauninsa. Sukarin na gaskiya ta jefa a bahon ruwa ta tsaya tana kallo har ya narke. Tana ta hango shi gobe da yamma, ya shigo yana tofe-tofe yana cewa, “Kwastan, kin gama da ni!” Ita kuma ta ce an rama wa ƙadangare. Daga nan a yi dariya, gida ya dawo gida.

Da safe ya yi allurarsa. Ƙwai ɗaya ya ci, ya tura kabejin gefe ya ce ya gaji da ganinsa. Ya ce yau hawa na uku za su shafa, ta fuskar titi, kuma suna so su gama kafin rana ta take. A bakin ƙofa ta ga ya kai hannu ƙugunsa ya ɗan dafa wurin, ya ji ƙullin na nan, hankalinsa ya kwanta. Ta juya baya da sauri don kada ya ga tana danne dariya.

“A dawo lafiya, Baban Auta.”

Ya juyo, da alama ya ji sanyin da ke muryarta. Ya yi mata murmushi, karo na farko cikin kwana shida. “Allah ya sa, Kwastan.”

Wajen sha ɗaya da rabi tana guge wata farar riga, inuwa ta tare mata ƙofa. Dogo ne. Ba hula, fenti har gwiwar hannu. Bai yi sallama ba. Ya ce, “Ki ajiye dutsen nan ki zo.” Ta ajiye shi a kan rigar, ba ta ma sani ba. Mai agogo ne ya ji ƙauri daga baya ya shigo ya zare wuta.

A cikin mota Dogo ya ba ta labari, a gutsure. Ya ce tun wajen goma Mai Fenti ya daina magana, shi da bakinsa ba ya hutawa. Can sai buroshi ya suɓuce masa ya faɗo ƙasa. Ya zauna a kan katakon, gumi kamar an watsa masa ruwa. Dogo yana ɗaya ƙarshen, ya ce masa lafiya? Shi kuwa yana ta laluben ƙugunsa da hannu mai rawa. Da ƙyar ya zaro wata 'yar takarda ya warware, ya jefa wani abu a baki, sai ya tofar. Ya sake jefa wani, ya tofar. Ya kai na uku baki.

“Sai ya dube ni,” in ji Dogo. “Wallahi kamar zai yi dariya. Na ce bari in sauka in ɗauko masa lemona, tana cikin jaka a ƙasa. Na juya ke nan zan kama tsani, shi kuma ya yunƙura zai tashi.”

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta ce ya ƙarasa ba.

A asibiti ba su bar ta ta shiga ba sai bayan awa biyu. Likitan da ya fito matashi ne, ga alama ya gaji. Ya ce da ya faɗo daga saman, kan ya bugu sosai, suna iya ƙoƙarinsu. Ya ce da aka kawo shi sun gwada jininsa, sugan ya faɗi ƙasa warwas, shi ne ya ɗauke masa hankali a sama. Ya tambaye ta me yake ci a 'yan kwanakin nan. Ta lissafa masa. Ya tambayi allura, ta ce ba a taɓa fashi ba. Likitan ya dube ta, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

“Mama, ba a gaya muku ya riƙa yawo da sukari a aljihu ba? Ƙwaya biyu uku da sun tashe shi.”

Auta, wadda ta iso a lokacin, ta ce, “Mama, an gaya muku?”

Mai Guga ta zauna a ƙasa a tsakiyar baranda, mutane na ratsa ta gefenta.

Bai farfaɗo ba. Kafin la'asar ya cika.

Kayansa a baƙar leda aka ba su. Kwana goma sha biyu ledar na bayan ƙofar shago, ba ta taɓa ta ba. Masu gaisuwa suka zo suka tafi, kowa na cewa kwana ne ya ƙare, kowa na yaba yadda ta kula da shi. Wata maƙwabciya har cewa ta yi da duk mata haka suke tsare mazajensu da ciwon nan bai kashe kowa ba. Mai Guga ta ji maganar nan kamar an ɗora mata dutsen guga a ƙirji.

Ranar da ta buɗe shago, da hantsi, ta jawo ledar. Ba ta yi niyyar lalube ba, hannun ne ya yi abin da ya saba. Aljihun dama, ƙusa biyu. Na hagu, tsumman goge hannu. Ɗan aljihun ƙugu a zazzage yake, an jawo shi waje har ɗinkin ya ɓalle. A can ƙasan ledar kuma akwai wata 'yar farar takarda da aka ninke aka rubuta a kai cewa abin da aka samu a hannunsa ne. Ta warware. Guntun sabulu ne, guda ɗaya, ya sha damƙa har gefensa ya lotsa. A samansa ga shaidar haƙora biyu sun nutse, tsakaninsu kuma an bar wani ɗan tudu siriri da haƙori bai taɓa ba. Wushiryarsa ce.

Ya ɗanɗana na farko ya ji sabulu ne. Ya san hannun wa. Duk da haka ya gwada na biyu, ya gwada na uku, yana sa ran ko ta bar masa guda ɗaya na gaskiya. Wannan tunanin ne ya fi komai cin ta, kuma har gobe bai sake ta ba.

Sai da aka yi wata guda ta gaya wa Auta. Ta ajiye guntun sabulun a kan teburin guga tsakaninsu ta faɗi komai, ba ta rage ba. Auta ta daɗe tana kallonsa. Ta tashi ta fita ba sallama, sati uku ba ta zo ba, ba ta ɗaga waya ba. Ranar da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta a kumbure, ta ce, “Ni na nuna miki mutumin nan na waya, Mama.” Ta shigo ta ɗauki kwandon shanya ta fita da shi. Ba su sake tayar da maganar ba.

Mai Guga tana nan a shagonta. Ta tsufa da wuri, bayanta ya ranƙwafa, ba ta tsokanar kowa, ba mai kiranta Kwastan. Tana shan shayi da cokali ɗaya na sukari, don likita ya ce ita lafiyarta ƙalau, ta daina azabtar da kanta, amma ta ce ba ta jin ɗanɗanonsa. Yatsun nan biyu suna nan suna lalube. Makulli da biro suna tafiya gwangwani kamar da. Alawa ce kawai, ko ƙwayar sukari, ba ta jefawa can. Takan ajiye ta gefe, in ta gama guga ta mayar da ita aljihun da ta fito. In mai kayan ya zo, sai ta riƙe ledar ba ta saki ba.

“Akwai alawa a aljihun dama. Taka ce?”

“Tawa ce, Mama.”

“Buɗe.”

“Ai na ji ta, tana nan.”

“Ban ce ka taɓa ba. Buɗe ka lasa, ina kallo.”

Wasu su yi dariya su lasa, wasu su fita suna cewa tsohuwar nan ta fara taɓuwa. Ba ta damu ba, kuma ba ta yi wa kowa bayani. Sai ta ga mutum ya lasa ya gyaɗa kai take sakin ledar.

Guntun sabulun yana kan kantar shagon, bayan gwangwanin, a cikin takardarsa ta asibiti. Ya bushe ya yi rawaya, ya fara tsagewa ta gefe. Kullum in za ta rufe shago takan sauko da shi ta duba ko tsagar ta kai wurin haƙoran. Ba ta kai ba tukuna.